Amsa ga mai tambaya kan kiɗan The Final Countdown: ƙaho ne ko na'ura, kuma wai waƙar tashin duniya ce?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aikin situdiyo ne ya sha kaina shi yasa sai yanzu, kayi haƙuri. Kace akwai wani kiɗan Turawa da kake yawan ji in za'a fara wasa ko za'a miƙa kofi, mai tashi kamar ana busa ƙaho, ka bincika ka gano sunansa The Final Countdown, kana son sanin da wane abin busa aka yi shi, sannan wani abokinka yace maka wai waƙar tashin duniya ce, kana tambaya ko haka ne. Na daɗe ina kaɗa fiyano ina haɗa kiɗa, kuma wannan waƙar tana cikin waɗanda na zauna na warware zare-zare tun ina koyo, don haka bari na baka abinda na sani.

Na farko dai babu ƙaho a ciki ko guda ɗaya, babu wanda ya sa baki ya hura komai. Na'ura ce, sintesaiza, dangin abin nan da mu a nan muke yi wa kuɗin goro muce fiyano. Shi fiyano na ainihi akwatin katako ne da wayoyi a ciki, ka danna maɓalli 'yar guduma ta bugi waya sauti ya fito. Ita kuwa sintesaiza babu abinda ke bugun wani a cikinta, lantarki ake sarrafawa har ya zama sauti, kai ne zaka tsara masa yadda zai fara, kaurinsa, da yadda zai mutu. Shi yasa take iya kwaikwayon ƙaho ko sarewa ko goge, kuma take iya fitar da sautin da babu wani abin kiɗa a duniya mai irinsa.

Masu waƙar wasu samari ne 'yan ƙasar Suwidin, sunan ƙungiyarsu Europe, daga wani gari Upplands Väsby da ke kusa da Stockholm. A 1979 suka fara da suna Force, a 1982 suka ci wata gasar kiɗan rok ta ƙasa baki ɗaya, a lokacin ne suka koma Europe. Mawaƙinsu Joey Tempest shi ya rubuta ta. Kuma abinda ke burge ni a labarin shine wannan karin da duniya ta haddace, ba a babban situdiyo aka haife shi ba. Wajen 1981 zuwa 1982, yana saurayi bai kai ashirin ba, ya ari wata sintesaiza Korg Polysix a hannun Mic Michaeli, wanda daga baya ya zama mai fiyanon ƙungiyar, yana ta lalube a kai har karin ya faɗo masa, ya ajiye shi shekaru bai yi komai da shi ba. Sai a 1985 mai kaɗa musu bes, jitar nan mai kaurin murya, John Levén, ya bashi shawarar ya gina waƙa a kai. Ta fito a 1986, ta hau lamba ɗaya a ƙasashe 25 har da Birtaniya, a Amurka kuma ta kai lamba takwas. Duk wanda ke haɗa kiɗa yana da irin waɗannan guntayen a waya ko a tsohon kaset, ni dai tunda na san wannan labarin na daina goge nawa.

Yanzu sautin kansa, tunda shi ka fi tambaya. A faifan ba Polysix ɗin aka yi amfani da ita ba, na'ura biyu Michaeli ya ɗora ɗaya kan ɗaya, Roland JX-8P da Yamaha TX816. Kuma halinsu ba ɗaya ba. Ta Roland ɗin sautinta mai ɗumi ne mai kauri, yana cika wuri kamar kunu, amma bakinsa ba kaifi sosai. Ta Yamaha kuwa, wadda kusan DX7 guda takwas ce aka cusa a akwati ɗaya, tana aiki ne da lissafi, wata dabara da ake ce wa FM wadda wani malami John Chowning ya gano a jami'ar Stanford, sautinta ƙarfe-ƙarfe ne mai cizo, da ka danna zaka ji tas kamar an bugi tasa. To in ka haɗa su sai ɗaya ta baka haƙori ɗaya ta baka jiki. Abinda ya sa hakan ya yiwu cikin sauƙi shine MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi, wanda ya fito a 1983, ka danna maɓalli a guda ɗaya duka biyun su amsa lokaci guda. Kaga kenan da shekara biyar baya aka so yin wannan sautin da ba haka zai fito ba.

Ni na sha wahalar wannan kafin na gane. Lokacin ina yaron situdiyo, in oga ya tafi gida da daddare sai na zauna da ƙaramin fiyanon da muke da shi na zaɓi muryar ƙaho na kaɗa karin, yatsuna daidai suke, ko kuskure ɗaya babu, amma abin sai ya fito siriri kamar hon ɗin Keke Napep, na sake kunna kaset ɗin na ji nasu kamar gini na tasowa. Na fi wata ina zargin sifika. Ranar da na gano, ɗauka biyu nayi, na farko da murya mai kaifi, na biyu da wata mai laushi na sauke ta ƙasa da zango ɗaya, wato daga do zuwa do na ƙasa, na ɗan karkatar da ɗaya kaɗan ta yadda basu daidaita ɗari bisa ɗari ba, na ƙara amsa-kuwwa, ina kunnawa gashin hannuna ya miƙe, wallahi har yau ina tuna ƙarar fankar ɗakin da ƙamshin maganin sauro na daren nan. Wannan 'yar rashin daidaituwar ita ce sirrin, don ko mutum goma ne ke busa ƙaho tare ba zasu taɓa zama daidai cif ba, kuma kunne da ya ji haka sai ya ɗauka taro ne.

To amma sauti kaɗai baya yin waƙa, karin ne ya riƙe ta. In kana karanta do-re-mi ga shi: mi re mi la, fa mi fa mi re, fa mi fa la, re do re do ti re. Shikenan fa kusan duka. Lura da jimlar farko, gajeru biyu da sauri, sannan mi, sannan ta faɗo ƙasa kan la ta tsaya. Wannan tsallen daga mi zuwa la taki biyar ne, kuma shine tsallen da ƙahon da bashi da maɓalli yake bayarwa da kansa in ka ƙara ko ka rage ƙarfin hurawa, irin bigilar soja, irin kakakinmu na fada. Shi yasa kunnenka bai yi maka ƙarya ba da kace ƙaho ka ji. Ɗan Suwidin ya ji bigilar sarakunansu da sojojinsu, kai kuma da ka taso kana jin kakaki ranar hawa jikinka ya riga ya san cewa in aka yi irin wannan busar to wani babba ne zai fito, a gyara tsayuwa. Ba wai Tempest ya san kakaki bane, ƙarfen ne halinsa ɗaya ko'ina.

Sannan akwai wani abu da mutane basa lura da shi, karin baya farawa a kan bugun farko. Kod, wato muryoyi uku ko fiye da ake dannawa tare, ita ce take fara faɗuwa dam a ƙasa, a ɗan yi shiru, sannan muryar sama ta shigo kamar tana amsawa, kira da amshi kenan, kuma wannan ɗan shirun shi ke sa mutum ya ja numfashi ya shirya. Kod ɗin huɗu ne ke zagayawa, la, fa, re, so, daga ƙarshen zagaye na biyu kuma karin ya hau sama ya je ya rataye a kan mi ya ƙi sauka, a riƙe ka a nan kana jira kana jira, sai ganguna su fashe. Fiye da minti ɗaya ake yi kafin mawaƙin ya buɗe baki, abinda a rediyo kusan laifi ne, shi yasa ma aka yanke ta aka yi gajeriya ta wajen minti huɗu, ta faifan kuwa ta haura biyar.

Gangunan da bes ɗin su kuma sukuwa suke yi, dogo ɗaya gajeru biyu, dum-daga dum-daga, kamar kofaton doki in an sake masa linzami. Tempest da kansa ya faɗa cewa irin wannan sukuwar ta ƙungiyoyin Ingila ce irin su Iron Maiden da UFO. Saurin kiɗan wajen bugu 118 ne a minti, wanda ba gudu bane can, mutum zai iya tsalle a kai ya tafa a kai bai gaji ba. Saboda haka sama ƙaho na tafiya a hankali da isa, ƙasa dawakai na gudu, abu biyu a lokaci guda.

Duk wannan an yi shi ne da babban fili a rai. Su 'yan ƙungiyar tun farko abinda suke so shine abin buɗe wasa, a kashe fitilu a kunna shi su fito, basu ɗauka zata zama waƙar rediyo ba, har wasunsu sun fi son a fara fitar da wata waƙar daban daga faifan. Kuma kiɗan babban zaure yana da dokarsa, wanda duk ya taɓa kai sifiku filin wasa ko babban ɗakin taro ya sani, sautin yana tafiya ya bugi siminti ya dawo maka a makare, in karinka mai yawan ƙwalisa ne da sauri-sauri to kafin ya kai kujerun baya ya zama fate. Abinda ke tsira shine gajerun jimloli masu tsayawa, masu rata a tsakani, yadda amsa-kuwwar zata samu wurin zama. Wannan karin haka yake, ginin ma taya shi yake. Ƙari a kan haka baya buƙatar Turanci, mutum dubu hamsin da basu jin yaren juna zasu iya rera shi da ta-ra-ra-raa, amshin waƙar ma kusan sunanta ne kawai ake maimaitawa. Shi ya kai ta filayen ƙwallo da dambe da resilin, ɗan resilin ɗin nan Bryan Danielson ya daɗe yana fitowa da ita, kuma bidiyonta da aka ɗauka a zauren Solnahallen a 1986 ya wuce kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Kar ka ɗauka kowa ya yi murna da ita a lokacin fa. A duniyar rok jita ce sarauniya, kuma da yawa suna ganin sintesaiza kayan 'yan disko ne, har ƙungiyar Queen a shekarun 1970 tana rubutawa a bayan faifanta cewa ba'a yi amfani da sintesaiza ba. 'Yan ƙungiyar Van Halen ne suka fasa ƙofar sosai da waƙarsu Jump, wadda aka gina kan Oberheim OB-Xa ta kuma hau lamba ɗaya a Amurka a 1984. A cikin Europe ɗin ma mai jitarsu John Norum da farko bai so karin ba sam, kuma bayan faifan ya fito bai ji daɗin yadda fiyano ya danne jitarsa a haɗin sautin ba, yana cikin dalilan da suka sa ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1986, daidai lokacin da waƙar ke kan ganiyarta, Kee Marcello ya maye gurbinsa. Ni ina fahimtarsa, duk makaɗi yana son a ji hannunsa. Amma ka je ka saurari inda aka bar masa fili a tsakiyar waƙar, kiɗan ya sauya hanya yana zuba gudu, a ganina wannan wurin ne ya hana waƙar zama kiɗan na'ura zalla, nan ne kake jin yatsun ɗan Adam da zufa. Norum ya dawo cikinsu da suka sake haɗuwa a 2003.

To mu zo ga maganar abokinka. A'a, ba waƙar tashin ƙiyama bace, babu hisabi a ciki, babu maganar lahira, babu addini ko kaɗan. Ƙirgen da ake nufi shine wanda ake yi kafin kumbo ya tashi, goma, tara, takwas har zuwa sifili. Abinda baitocin ke faɗa a taƙaice, wasu mutane ne sun shiga kumbo zasu bar duniya gaba ɗayansu, suna bankwana, basu san ko zasu dawo ba, suna cewa babu wanda za'a ɗora wa laifi, suna tambaya ko al'amura zasu sake komawa yadda suke. A baiti na biyu sun nufi Zara, tauraruwar nan mai haske da muke ce wa matar wata, suna fatan ko akwai waɗanda zasu karɓe su a can, sannan su ce zasu yi kewar wadda suka baro, wato duniya. Tempest ya ce waƙar David Bowie mai suna Space Oddity ce ta zaburar da shi, ita kuwa ta fito ne a Yulin 1969, kwana biyar kafin Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutum kan wata, ya tashi. Wannan tafiyar ta taɓa mawaƙa ko'ina, mu ma nan Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ta fuskar ilimi dai Zara ba wurin zuwa bane, zafin samanta ya haura digiri 460, darma ma narkewa take a can, shi mawaƙin suna mai daɗin faɗa ya nema da kuma wuri mai nisa.

Amma fa ban ce abokinka ya yi shirme ba, akwai abinda ya jiyo. Waƙar bata taɓa faɗin dalilin tafiyar ba. Me ya kore su? Mutum baya barin gidansu gaba ɗaya da kowa nasa yana cewa ba laifin kowa bane sai in wani abu ya lalace. Kuma ka duba shekarar da ta fito. Ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, kowa da makaman nukiliyarsa a saiti, Suwidin kuma tana nan maƙale a tsakani. Ran 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse sakan 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu, yara 'yan makaranta na kallo a talabijin. Ran 26 ga Afrilu tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, kuma a Suwidin ɗin ne, a tashar Forsmark, aka fara gano burbushin gubar a wajen Sobiyat bayan kwana biyu. Faifan Europe ɗin ya fito a watan Mayu. An riga an rubuta waƙar kafin waɗannan abubuwan, saboda haka ba a kansu aka yi ta ba, amma wanda ya kunna rediyo a wannan shekarar ya ji ana ƙirge ana bankwana da duniya, ai kasan abinda zai zo masa a rai.

Kuma kiɗan ma bai ɓoye ba. A F sharp maino aka yi shi. Maino ita ce hanyar da makaɗan Turai suka saba bi in zasu yi baƙin ciki ko fargaba, mejo kuma ta farin ciki, Jump da na ambata a mejo take shi yasa ita murna ce tsantsa. Wannan kuwa yawancin jimlolinta sama suke farawa su faɗo ƙasa. In kana so ka tabbatar, samu fiyano ka zaɓi murya mai laushi ka kaɗa mi re mi la a hankali ba ganguna, zaka ji abin tausayi ne, kamar wanda ke raka ɗan'uwansa tasha. Rigar ce ta sarauta, ƙaho da sukuwa da amsa-kuwwa, amma wanda ke cikin rigar zuciyarsa a karye take. Ni a wurina wannan ne ya sa ta kai shekara kusan arba'in bata tsufa ba alhali ɗaruruwan waƙoƙin zamaninta masu irin wannan sautin an manta da su.

Na ga wannan da idona a wani bikin yaye ɗalibai da aka ɗauke ni na kai kayan sauti. Da aka gama rabon kyaututtuka 'yan aji shida zasu fita a jere, sai na sa ta. Samarin nan suka hau tsalle suna jefa huluna sama suna bin karin da baki, ba wanda ya san baiti ɗaya a cikinsu. A layin gaba kuma ga wata baiwar Allah, da alama mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ce, ta ja gefen mayafinta tana share ido, bata jin Turanci na tabbata, amma ta ji bankwanar da ke ciki, su kuma yaran sun ji ƙahon. Ban rage sautin ba har na ƙarshensu ya fita daga zauren.

In kana son gwadawa da kanka, ko a fiyanon Yamaha irin na situdiyoyinmu ko a manhajar kwamfuta, ɗora muryar ƙaho biyu, mai kaifi da mai kauri, ka ɗan saɓa su kaɗan, hannun hagu ya riƙe kod ɗin da wata murya mai shimfiɗa a ƙasa, ka sa amsa-kuwwa mai tsawo amma kar ta yi yawa har ta haɗiye gajerun nan biyu na farkon jimla, don in suka dushe karin ya mutu. Kuskuren da na fi gani wurin yara masu koyo shine gaggawa, basa barin kod ta faɗi ta zauna kafin su shigo, sai abin ya koma kamar ringin ɗin waya. Ƙirga ɗaya, biyu a ranka tukuna sannan ka shiga. In ka haɗa ka turo min na ji.